Musayar gida don hutu: nazarin abin da ya faru tsakanin wani gida a Bauchi da wani a Abuja

Masomin lamarin: Nuwamba 2024

Magidancin da wannan nazari ya shafa malamin sakandare ne a garin Bauchi, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Zan riƙa kiransa Malam. Gidan da yake ciki nasa ne, ya gina shi da kaɗan-kaɗan a wata sabuwar unguwa ta bayan gari: ɗaki uku da falo, da shago a bakin ƙofa, da rijiyar burtsatse da tanki mai cin lita 2,000. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, don haka yawancin abin da ya faru a Bauchi a kan idona aka yi. Na Abuja kuwa daga bakinsa da bakin abokinsa na ji, kuma sun yarda in rubuta bisa sharaɗin ba zan kama suna ba.

A watan Nuwamba aka sa ranar bikin ƙanwar matarsa, Asabar 28 ga Disamba, a Abuja. Kawun da ya riƙe amaryar ɗaki biyu gare shi a Mararaba, kuma tun kafin biki ya matso an san ba za a sami wurin saka ƙafa ba. Malam yana so ya haɗa bikin da hutun yara, waɗanda ba su taɓa wuce Jos ba. Ya sa aka tambayo masa wani matsakaicin otal a Kubwa, aka ce ɗaki naira 35,000 a kwana. Ɗaki biyu, kwana 12, ya kama naira 840,000, wato albashin shekara guda cur na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024. Ba a sa abincin baki bakwai a ciki ba, ba a sa mai ba, ga litar fetur a lokacin tana kai-kawo a kusa da naira 1,000.

Yana cikin wannan lissafi ya kira wani abokinsa da suka yi Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tare, wanda yanzu yake aikin akanta a Abuja. Shi zan kira Alhaji, matarsa kuma Hajiya. Ɗan jihar Bauchi ne, amma 'ya'yansa uku a Abuja aka haife su, kuma sun daɗe suna damunsa da maganar Yankari. Yana haya a wani rukunin gidaje mai ƙofar shiga ɗaya da masu gadi, a Kubwa. Shi ya kawo shawarar: "Mutumina, kana neman wurin kwana a garina, ni ina nema a garinka. Me zai hana mu yi musaya?"

Alhaji ya ga abin ne a intanet. Al'ada ce da ta samo asali a Turai a 1953, lokacin da wasu malaman makaranta na Holan da Suwizalan, masu dogon hutu da ƙaramin albashi, suka soma ba juna gidajensu. Daga nan ƙungiyar Intervac ta fito. A da kundi ake bugawa a yi ta musayar wasiƙu. Yanzu akwai shafuka irin su HomeExchange, inda mutum zai biya kuɗin rajista na shekara, a tantance shi, kuma waɗanda suka taɓa zama a gidansa su rubuta yadda suka same shi. Babu kuɗin haya tsakanin masu musayar. Malam da Alhaji ba su bi ta wani shafi ba, tunda sun fi shekara ashirin da sanin juna. Abu biyu kawai suka tsayar: ranar tafiya da ranar dawowa. Matar Malam ta so a yi maganar ɗakinta da kayanta, sai ya ce mata ai da kunya a kafa wa aboki sharaɗi kamar ɗan haya. Kowannensu ya rufe wayar da cewa ɗan'uwansa, "Gidanka ne, ka yi yadda kake so."

Miƙa makulli: Asabar, 21 ga Disamba

Daga Bauchi zuwa Abuja ta Jos da Akwanga da Keffi ya haura kilomita 400. Kowa ya taso bayan asuba, suka haɗu a Akwanga wajen azahar, suka ci abinci, aka yi hotuna, aka yi musayar makullai. Zaman bai wuce minti talatin ba. Malam ya bar tukunyar gas cike da rabin buhun shinkafa. Alhaji ya bar yunit 150 a mitarsa mai kati. Matar Malam ta riga ta haɗa gwala-gwalanta da takardun gida a jaka ta kai gidan surukarta a cikin gari. Ba wanda ya kulle ɗaki ko ɗaya. Ni kaina abin da Malam ya ce mini a masallaci shi ne abokinsa zai ɗan zauna a gidan.

Makon farko a Bauchi

Akwai abubuwa uku da suke gudana a gidan Malam kullum, waɗanda sabo ya sa shi kansa ba ya ganinsu.

Na farko famfon waje. Tun da ya haƙa rijiyar ya fitar da kan famfo ɗaya ta jikin katanga, ana buɗe shi daga ciki da ƙarfe shida da rabi zuwa takwas na safe. Kusan gida goma ne ke ɗiba. Ƙasar Bauchi dutse ne a ƙarƙashi, ruwan a hankali yake tsattsafowa cikin rijiyar, musamman idan rani ya shigo. Saboda haka dokar gidan ita ce a kunna sumo, wato injin da ke jawo ruwa daga cikin rijiyar, minti arba'in da safe, minti arba'in da yamma, a bar rijiyar ta tara. Ko ɗan autan gidan ya san wannan. Na biyu almajirin gidan, wanda ke zuwa da safe ya yi shara da wanke-wanke, ya karya, ya dawo da magariba ya karɓi tuwon dare. Matar Malam ta ce masa baƙi za su zo, ya ci gaba da zuwa, amma ba ta gaya wa baƙin ba. Na uku ƙanin Malam, ɗalibi, wanda yake da nasa makullin kuma a shagon yake kwana duk lokacin da yake gari.

Ranar Lahadi da sassafe yara suka jeru da jarkoki suna buga ƙofa. Hajiya ta leƙa ta kafar get ta ga fuskoki fiye da goma da ba ta sani ba, ta koma ciki. A inda take zaune ba a buga wa mutum ƙofa sai an kira shi a waya daga wurin masu gadi. Almajirin ya yi sallama ya ce, "Anti, na zo aiki," ta miƙo masa naira 200 ta ce babu aiki. Haka aka yi Litinin da Talata. Kafin nan magana ta zaga unguwa: wasu sun ce Malam ya sayar da gidan, wasu sun ce ya zuba 'yan haya marasa mutunci. Na je yin sallama ranar Litinin da hantsi na tarar sun fita ganin kabarin Tafawa Ɓalewa, ban kuma koma ba, kuma wannan sakacina ne.

Daren Talata, 24 ga wata, wajen ƙarfe goma da rabi, ƙanin Malam ya dawo daga tafiya ya sa makullinsa ya buɗe get. Alhaji ya fita sayen balangu a Wunti. Hajiya ta ji motsin namiji a tsakar gida, ta ƙwalla ihun ɓarawo. Cikin minti biyu 'yan sintirin unguwa, waɗanda a Bauchi muke kira 'yan kwamiti, suka cika ƙofar da sanduna da tocila. Allah ya sa na gaba a cikinsu ya san yaron, ya daka tsawa kowa ya dakata. Duk wanda ya san abin da ihun ɓarawo ke haifarwa da dare a garuruwanmu ya san irin ramin da aka tsallake. Da gari ya waye mai unguwa ya kira Malam a waya ya tambaye shi yaushe aka fara saukar da baƙo a unguwa ba a sanar da shi ba. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure," don ba shi da wata amsar.

Nan take ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya kira Alhaji yana tsakiyar hidimar biki, ya ba shi haƙuri, ya yi masa bayanin ƙaninsa da almajirin, sannan ya ce don Allah a buɗe wa maƙwabta famfon waje. Bai faɗi lokaci ba, bai faɗi minti arba'in ba. Alhaji, da yake yana son ya wanke kansa a idon unguwa, sai ya buɗe famfon tun safe har dare. Labari ya kai unguwannin kusa, har 'yan garuwa suka fara zuwa da kura. Tanki ba ya daɗewa ya ƙare, don haka duk sa'ad da aka kawo wuta sumo yana aiki. Laraba, Alhamis, Juma'a.

Ranar Asabar 28 suka tafi Yankari, tafiyar kimanin kilomita 110 ta hanyar Gombe, a ratse a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji. Yara sun yi wanka a ruwan Wikki, mai ɗumin digiri 31 rani da damina, sun ga gwanki da gadu da birai masu ƙwacen abinci, kuma har yau Alhaji yana cewa bai taɓa ganin 'ya'yansa cikin farin ciki irin na wannan rana ba. Amma kafin su fita ya bar injin a kunne don kada maƙwabta su rasa ruwa. Shi sumo a cikin ruwa yake zaune, ruwan ne ke sanyaya shi. Idan aka zuƙe rijiya har ruwan ya sauka ƙasa da shi, sai ya ci gaba da juyawa a bushe har wayoyin cikinsa su ƙone. Da suka dawo da isha, ya ƙone. Kwana biyar da suka rage ruwan garuwa suka saya, haka ma gidaje goman nan, har da nawa.

Abin da ke faruwa a Kubwa a daidai wannan lokaci

Kwanakin farko sun yi wa iyalin Malam daɗi ƙwarai. Matarsa ta sami kicin, ta riƙa girka abin da yara suka saba ci, kuma a lissafinta abin da suka kashe a abinci bai kai rabin abin da za su kashe a gidajen abinci ba. Yara sun hau jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka sake buɗewa a Mayun 2024 kuma kyauta ake hawa har ƙarshen shekarar. Sun je Millennium Park, sun je gindin Dutsen Zuma, sun yi Juma'a a Masallacin Ƙasa.

A dare na biyar wuta ta ɗauke a gidan alhali maƙwabta na da ita. Yunit 150 sun ƙare. Layin gidan yana rukunin Band A, na masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, inda tun Afrilun 2024 kowane yunit ya haura naira 200. Lokacin hunturu ne, mutum bakwai suna wanka da hita, ga guga ta kayan anko, ga butar lantarki. Malam ya sayi katin naira 30,000 bai sami yunit 140 ba, kafin su taso kuma sai da ya sake sayen wani.

Ranar Alhamis 26 motar 'yan biki ta iso daga Bauchi. Wata goggon Malam, wadda ita ma an gayyace ta, ta kira shi: "Ɗan nan, ashe kana da gida a Habuja ka bar mu muna gwamutsuwa a Mararaba?" Bai iya buɗe baki ya ce gidan ba nasa ba ne, tunda mai gidan da kansa ya ce gidansa ne. Mutum tara suka tare. Gidan da aka tsara wa mutum biyar ya koma na mutum 16 har kwana huɗu. Masu gadi suna rubuta duk mai shiga. Maƙwabcin sama ya yi ƙorafin motoci da hayaniya da gawayin da aka hura a bayan gida don dafa abincin biki. Ranar Lahadi 29 mai kula da gidajen, wanda suke kira kiyateka, ya kira Alhaji ya ce mai gida yana zargin ya mayar da gidan na hayar kwana-kwana, irin wanda ya yawaita a Abuja. Ya tuna masa cewa takardar hayarsa ta hana shi ba wani haya ko ya bar wa wani gidan ba da rubutaccen izini ba, kuma ana iya ba shi notis. A wannan dare ne kuma wani yaro cikin baƙin, har yau ba a san ko wane ba, ya jefi gilashin talabijin da motar wasa ya tsage.

Alhaji yana Bauchi da ƙonannen sumo da barazanar notis, Malam yana Kubwa da fasasshiyar talabijin. Sun yi waya sau biyu a waɗannan kwanaki, kowa yana tambayar ya baƙunta, kowa yana cewa lafiya lau.

Dawowa da abin da ya biyo baya: Janairu zuwa Maris 2025

Ranar Alhamis 2 ga Janairu suka sake haɗuwa a Akwanga. Alhaji ya ce injin ruwa ya ɗan sami matsala, Malam ya ce ba komai. Malam ya ce yara sun ɗan taɓa talabijin, Alhaji ya ce ba komai. Sai da kowa ya isa gida ya ga girman "ɗan" da aka faɗa masa. Sabon sumo da kuɗin masu ciro tsohon da zura sabon ya ci wa Malam naira 215,000. Talabijin ta ci wa Alhaji naira 290,000, ban da zirga-zirgar ba mai gida haƙuri, wanda daga ƙarshe ya janye maganar notis bayan Alhaji ya rubuta masa takardar alkawari.

Sai kuma maganar leshi. Matar Malam ta duba durowa ba ta ga wani sabon leshi da ba ta ɗinka ba. Ba ta tambayi Hajiya ba, amma ta faɗa wa ƙanwarta amarya a waya, ita kuma ta faɗa wa wata, maganar ta yi ta tafiya har ta shiga kunnen Hajiya. A tsakiyar Fabrairu da ta je karɓo jakar gwala-gwalanta a gidan surukarta, sai ga leshin a ƙasan jakar. Ita da kanta ta sa shi ta manta.

An gwada gyara sau biyu bai yiwu ba. A ƙarshen Janairu Malam ya tura wa Alhaji naira 100,000 ta banki ba tare da ya ce uffan ba. Kafin la'asar kuɗin sun dawo, don Alhaji ya ɗauka ana nufin a biya shi a rabu. Daga baya wani abokin karatunsu ya shiga tsakani ya ce kowa ya ɗauki asarar gidansa a wuce wurin. Duka sun amsa da to, amma waya ba ta dawo ba, saboda wannan sulhu bai taɓo zargin leshin ba, bai kuma taɓo kunyar da Alhaji ya sha a gaban mai gidansa ba.

Cikin azumi, wanda aka fara 1 ga Maris, Malam ya tsayar da limamin unguwarmu bayan asham ya kwashe labarin ya gaya masa. Liman ya yi masa bayani a kan abin da aka sani a fiƙihun Malikiyya: ko an ɗauki musayar a matsayin aro, ko a matsayin haya da aka biya da zama a madadin kuɗi, wanda ke cikin gida amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace na gidan sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka yi masa. Ya tambayi Malam ko ya faɗa wa abokinsa iyakar injin, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko abokin ya san mutum 16 za su kwana a gidansa, ya ce a'a. Liman ya ce to a ganinsa nauyin ya fi karkata wajen Malam ta ɓangarorin biyu, ko da yake barin inji a kunne a yi tafiyar yini shi ma akwai sakaci a ciki. Ya ƙara da cewa maganar leshin ta fi kuɗin nauyi, kuma da ita za a fara.

Matar Malam ta kira Hajiya ta ce, "'Yar'uwa, na zalunce ki, na ga kayana a inda na ajiye da hannuna, ki yafe mini." Ta kuma kira duk waɗanda ta san maganar ta bi ta kansu ta warware. Da ƙaramar Sallah, 30 ga Maris, Alhaji ya zo Bauchi, washegari suka zauna a shagon Malam ina wurin. A ranar ne karo na farko kowa ya faɗi ainihin abin da ya kashe da abin da ya ji. Malam ya ce zai biya talabijin gaba ɗaya kamar yadda liman ya nuna. Alhaji ya ƙi, ya ce a haɗa asarar a raba biyu. Jimilla naira 505,000, kowa 252,500, saboda haka Malam ya cika masa naira 37,500. Wannan karon ya karɓa.

Karo na biyu: Agusta 2025

Yaran ne suka matsa a sake. An so a yi a Afrilu bai yiwu ba, don jihar Bauchi ta rufe makarantu kusan mako biyar saboda azumin 2025, yaran Malam suna komawa aji daidai lokacin da na Alhaji ke shirin fita hutu. Aka bari sai dogon hutu: Asabar 9 zuwa Talata 19 ga Agusta.

Matan ne suka riƙe shirin wannan karon. Kowace ta rubuta abin da suka kira takardar gida, shafi biyu. Ta Bauchi ta fara ne da mutane: wa ke shigowa, da wane lokaci, me ake ba shi. Famfon waje shida da rabi zuwa takwas. Almajiri, da kamanninsa da sunan malaminsa. Wata tsohuwa da ake kai wa tuwo ranar Juma'a, wadda a karon farko ba wanda ya tuna da ita sam. Daga nan aka gangaro kan inji da gas da janareta da asibiti mafi kusa. Ta Abuja ta ƙunshi dokokin rukunin gidajen, wurin ajiye mota, ranar kwashe shara, abubuwan da ke shan wuta, da cewa baƙin kwana ba za su wuce biyu ba.

Alhaji ya nemi izinin mai gidansa mako uku kafin tafiya, ya samu a rubuce ta WhatsApp, ya kai wa masu gadi sunaye da hotuna. Malam ya karɓe makullin ƙaninsa na kwana goma, ya sa mai gyaran wuta ya ɗaura wa sumo na'urar da ke kashe shi da kanta idan ruwa ya yi ƙasa, a kan naira 40,000. Kowane gida an kulle ɗaki ɗaya an zuba kayan da ba a so a taɓa, kuma matar Malam ta zaɓi ɗakinta ne. An ɗauki hoton mita, an auna tukunyar gas a sikeli, kowa zai biya abin da ya sha. Kowa ya naɗa wakili ya bar masa naira 50,000 na ko-ta-kwana: ni a Bauchi, ƙanin Hajiya a Kubwa. An kuma bar haɗuwar Akwanga. Alhaji ya iso ranar Juma'a 8, aka kwana tare, Malam ya kai shi gaban mai unguwa da liman, ya zaga da shi gidajen maƙwabta, matarsa ta nuna wa Hajiya komai da hannu.

Ba a rasa matsala ba. Daren 13 ga wata aka yi ruwa da iska, ɗakin yara ya yi yoyo. Alhaji ya buga mini ƙofa da safe, na kira kafinta, aka kashe naira 18,000 daga kuɗin da ke hannuna, na tura wa Malam hoton rasit. Ɗan autan Alhaji ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, aka kai shi asibitin da ke cikin takardar, ya warke cikin kwana uku. A Kubwa wani jug na gilashi ya fashe, matar Malam ta faɗa a ranar, ta sayi wani. Almajirin bai rasa abincinsa ko sau ɗaya ba, Hajiya har ta ɗinka masa kaya kafin ta tafi.

Abu ɗaya ne ya bar tabo. Goggon nan ta ji za a koma Abuja, ta ce za ta bi su da 'yarta da jikoki biyu. Malam ya ce mata ita da mutum ɗaya za su iya, huɗu ba za su yiwu ba, don ya sa hannu a takarda. Ta ce ba ta san yaushe aka fara ƙirga dangi da takarda ba, ta fasa tafiyar.

Yadda na auna lamarin

Ta fuskar kuɗi, ko a karon farko da komai ya dagule an ci riba. Otal zai ci wa Malam naira 840,000. Alhaji kuma ya ƙiyasta nasa a Bauchi a kan naira 600,000. Asarar sumo da talabijin da ƙarin kuɗin wuta da ruwan garuwa duka ba su kai naira 600,000 ba. Ga kicin, ga sarari ga yara, ga gida bai zauna a kulle ba har ɓarayi su lura. Iyali mai 'ya'ya biyar a kan albashin koyarwa ba shi da wata hanyar yin kwana 12 a Abuja in ba wannan ba.

Abin da kowa ke tsoro idan aka yi maganar ba wani gida, wato sata, bai faru ba ko sau ɗaya. Zargin satar ne ya kusa raba su. Sauran ɓarnar kuwa duk daga abin da ba a faɗa ba ta fito. Turawan da suka ƙirƙiro wannan tsari galibi gidansu na mata da miji da 'ya'ya ne, in sun kulle sun tafi ba mai bin su bashin komai. Gidan Bahaushe yana da masu haƙƙi da ba su kwana a cikinsa: masu ɗiban ruwa, almajiri, ƙani mai makulli, tsohuwar Juma'a, mai unguwa. Mu kuma mun saba da baƙunta wadda mai gida yana nan, shi ke tare wa baƙo duk waɗannan ba tare da baƙon ya ma sani ba. A musaya an cire mai gidan an bar baƙo da nauyin. Shi kuma Malam ya tafi da nasa nauyin dangin ya sauke a gidan haya mai dokoki. Kalmar "gidanka ne" da suka faɗa wa juna da zuciya ɗaya ita ta hana Alhaji tambaya, ita ta hana Malam cewa goggonsa a'a.

A ganina, cikin gyare-gyaren karo na biyu wakili da kwanan nan guda da aka yi tare sun fi takardar aiki. Takarda tana amsa abin da aka tuna ne kawai, yoyon rufi kuwa ba ya cikinta. Kuma da na koma gidan ranar Litinin ɗin nan ta Disamba, da wataƙila ba a kai ga daren Talata ba. Akwai kuma abin da Agusta bai gwada ba: da damina rijiyar cike take, saboda haka na'urar da aka ɗaura wa sumo ba ta haɗu da rani ba tukuna a hannun baƙo. Sannan waɗannan mutane biyu suna da abotar shekara ashirin da abokan karatu da liman da za su shiga tsakani. Ban ga yadda sulhun Maris zai yiwu ba da a ce a intanet suka haɗu.

Maganar goggo ba ta mutu ba. Malam ya je gidanta sau biyu, ta amsa gaisuwa amma ba ta sake masa fuska ba. Yanzu shawarar da ake yi ita ce, idan za a sake musayar, a rubuta sunanta tun farko cikin waɗanda za a nema wa izini wurin mai gidan Kubwa, ita da jikokin, a ji abin da zai ce.